Gaisuwar Mai Koma ta Bakin Tabkin Madarunfa

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, ni da yayata, amma abin da ya fara ɗaukar idona tun a tsakar gida na gan shi. Ina ɗaura ɗankwali sai na ga Yaya ta fito da na'urarta ta ɗaukar magana, 'yar baƙar nan da ba ta rabuwa da ita ko gidan suna za ta. Ta buɗe bayanta, ta zare pil ɗin, wato baturan, ta aje a bakin taga, na'urar kuma ta tura ta ƙarƙashin matashin kai. 'Yar jarida ce a wani gidan radiyo mai zaman kansa a nan garin, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta fita aiki hannu sake ba.

Na ce, "Yaya, kin manta makaminki."

Ta ce, "Ban manta ba, Auta. Sa takalminki mu tahi."

Ku da kuke bibiyata kun san halina. Ɗinki ne sana'ata, littattafan soyayya na bakin kasuwa kuma su ne abincina. Da ta ce in raka ta Madarunfa, ban tambayi dalili ba. Tabki kawai na gani a raina, da rana tana fitowa a kansa, da wani saurayi mai farar riga yana tuƙa kwalekwale a hankali kamar ba shi da wata damuwa a duniya. Har atamfata mai ruwan ganye na sa don hoto ya yi kyau.

A tasha mota ba ta cika ba. Kuɗin kujera dala ɗari da hamsin ne yanzu a kuɗinmu na sefa, direba ya ce laifin esansi ne, man fetur ke nan, wani dattijo mai buhun gishiri ya ce laifin direba ne, aka yi ta ja-in-ja. Yaya ta ja ni gefe, bayan rumfar mai shayi, inda babu kunnen kowa.

Ta ce, "Kin tuna gaisuwar nan da kika ishe mu da ita?"

Ta yaya zan manta? Shekarun baya ne, ina kan keken ɗinki bayan la'asar, radiyo yana filin gaishe-gaishe. Sai aka sako muryar wani dattijo, ana jin motsin ruwa a bayansa. Ya faɗi sunansa da na ƙauyensu. Ya gaida mai gari, ya gaida surukansa, ya gaida masu sayen kifinsa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ya sassauta murya ya gaida matarsa da wani suna na wasa, wanda da ji ka san shi kaɗai ke kiranta da shi, ya ƙara da wata 'yar magana da ta sa na ɗauke ƙafata daga kan keke. Watanni na yi ina maimaita ta. Na ce duk samarin da ke cikin littattafaina babu wanda ya taɓa faɗin kamarta. Ba zan rubuta muku maganar ba, za ku ji dalili a gaba. Shi kuma zan kira shi Mai Koma, don masunci ne, koma ce ragarsa ta kamun kifi.

Yaya ta ce, "Ni na ɗauko ta. Kuma ita ta sa aka ɗauke shi."

Ga yadda abin ya kasance. A shekarar, tana bincike kan yadda 'yan bindiga ke sanin gidan da aka sayar da sa, da gidan da ɗa ya aiko da saƙo daga Najeriya. Kowa ya san akwai masu kai musu rahoto daga cikin gari, amma babu mai buɗe baki. Mai Koma ne kaɗai ya yarda, domin daga cikin kwalekwalensa yana ganin masu kai abinci bakin daji. Ya kafa sharaɗi: ba sunansa, ba sunan ƙauyensu, kuma a sauya masa murya. Ta rantse masa. A gidan radiyo aka murɗa muryar har ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya, uwar da ta haife shi ma ba za ta gane shi ba.

Sai dai da suka gama hirar a bakin ruwa, ya yi abin da duk mutumin ƙasarmu ke yi in an kai masa na'ura kusa da baki. Ya ce, "Ɗiyata, in da hali in gaida mutanena." Ta yi dariya ta bar shi. Wa zai hana dattijo gaida iyalinsa? Da ta koma ta nuna wa mai haɗa sauti inda zai yanke, ya kuwa yanke. Amma bai jefar ba. A ganinsa gaisuwa amana ce, wanda aka ba dole ya isar. Ya miƙa ta ga mai gabatar da filin gaishe-gaishe, shi kuma, cikin raha irin tasa, ya ce da masu sauraro, "Wannan gaisuwar abokiyar aikinmu ce ta zo mana da ita tsaraba daga tafiyarta ta bakin tabki." Kwanaki kaɗan ke nan da sakin shirin binciken, inda ita da bakinta ta ce ta je wani ƙauye kusa da tabki ta gana da wani mutum.

Daga baya ta ji raɗe-raɗin an zo an tafi da shi. Ta kira salularsa, a kashe. Diraktan radiyo ya ce shirin bincike ba shi da aibu, an ɓoye suna, an sauya murya, duk ƙa'idar da aka rubuta an bi. Manya masu sa ido kan aikin jarida suka saurari shirin suka yaba. Babu wanda ya saurari filin gaishe-gaishe, don ba a ƙirga shi cikin aikin jarida. Aka kuma ce mata kada ta kuskura ta koma ƙauyen, zuwanta ƙarin haɗari ne ga iyalinsa. Ta ji maganar, ko kuma ta sami inda za ta fake, ita ma ta ce ba ta san wanne ba ne.

Yanzu 'yan jarida za su yi taro kan ladabin aiki, an gayyace ta ta yi magana, saboda shirin nan nata shi ake nuna wa sababbin ma'aikata a matsayin misalin yadda ake kare wanda ya ba da labari. Ita kuwa so take ta miƙe ta faɗi gaskiya, sannan ta nemi gafararsa a radiyo, a bainar jama'a, kamar yadda aka tona shi a bainar jama'a.

Ta ce, "Amma sai ya yarda. Sau ɗaya na yi wasa da muryarshi, ba ni ƙarawa. Za mu neme shi mu tambaye shi. In yana raye."

Direba ya buga ƙarfen mota ya ce an cika. Na shiga da atamfata mai ruwan ganye, ina jin kunyarta.

Gudron ɗin, wato titin kwalta, ba laifi, in ban da ramukan da damina ta haƙa. Hagu da dama gero ne, ya yi tsawo ya fi mutum, kawunansa sun fara nuna. A gefen hanya an jera kwalaben esansi suna ɗaukar hasken safiya kamar zuma. Motocin Ɗan Issa, garin bakin iyaka, suna wuce mu a guje, an ɗaure musu kaya har sun fi su girma. Na kasa riƙe bakina, na ce kai, koren nan ya yi kyau. Dattijo mai gishiri ya waiwayo ya dube ni.

Ya ce, "Ke baƙuwa ce, ɗiyata. Mu in gero ya yi haka ba mu barci da ido biyu ruhe. Mutum goma su shige cikinshi da bindiga, ba ki ganin ko hular ɗaya."

Daga nan ban sake yabon gero ba. A shingen jandarma aka duba katinmu. Na lura Yaya katin ɗan ƙasa ta miƙa, na aikin jarida yana can cikin jaka. Inda hanya ta rabu muka bar ta iyaka muka karkata Madarunfa.

Garin ya tarbe mu da ƙanshin ƙosai da hayaniyar amalanke. Muka bi ta gefen kasuwa muka gangara tabki, kuma dole in faɗi gaskiya, ya fi yadda na zana shi a raina. Ruwan damina ya cika shi har ya shiga ƙarƙashin itatuwa, manyan gawo da kuka suna tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa. Fararen balbelu sun rufe wani reshe kamar an shanya wanki. Can gefe wasu baƙi sun zo ziyarar kaburburan waliyyai, suna tafe a natse, takalma a hannu. Kwalekwale ma akwai. Sai dai mai tuƙa shi ba saurayi mai farar riga ba ne, wani magidanci ne da yagaggiyar singileti, yana kwarfe ruwa da gwangwanin tumatir.

Muka zauna a bencin wata mai suyar kifi, mace mai jiki da fara'a. Karfasa manya dala ɗari, ta barbaɗa yaji, ta ɗora mana a takarda. Ta tsokane ni, ta ce wannan kwalliya ko ango na zo nema cikin masunta, in sani dai da ƙarni za a kai ni. Muka yi dariya. Sai Yaya ta yi gyaran murya ta tambaye ta ko ta san wani masunci, ta faɗi sunan Mai Koma.

Matar ta tsaya da matsami a hannu. Ba sunan ne ya tsayar da ita ba.

Ta ce, "Ƙara magana in ji."

Yaya ta sunkuyar da kai kan kifinta.

Mai kifi ta ce, "Muryarki na sani. Ke ce ta radiyo."

Mutum biyu da ke cin kifi a ƙarshen bencin suka naɗe takardunsu suka tashi, ba sallama. A nan na gane abin da ban taɓa tunani ba: an iya sauya muryar masunci da na'ura, amma ta Yaya tana cikin kowane gida na yankin nan, ba inda za ta ɓoye ta. Mai kifi ta juya mana baya tana juya abin da bai buƙatar juyi. Can, ba tare da ta waiwayo ba, ta faɗi inda za mu sami kabu-kabu, babur ɗin haya, mai zuwa ƙauyen, ta ce mu tabbata mun fito kafin la'asar.

Ta ƙara da cewa, "Kuma in an tambaye ku, ba nan kuka ci kihi ba."

Kabu-kabu biyu muka hau. Hanyar yashi ce, siririya, gero ya rufe ta ta kowane gefe har ganyensa yana marin fuskata. Ba a ganin komai sai sama. A littattafaina irin wannan hanya ce masoya ke bi su ɓuya wa idon mutane. Ni dai addu'a na yi ta yi har muka fita.

Ƙauyen ba zan faɗi sunansa ba. Rabin gidajen an toshe ƙofofinsu da ƙaya. Lakkwal ɗin garin, wato makarantar boko, a rufe take, awaki suna kwance a inuwar ajin. An gaya mana yawancin mutane a gari suke kwana, da rana su zo gona su koma. Muka yi sallama ga wasu maza a gindin bishiyar bedi, suka amsa a taƙaice, babu wanda ya ce mu zauna. A ƙasarmu, a ce baƙo ya sauka tsakar rana ba a miƙo masa ko ruwa ba, kun san ba rowa ba ce.

Gidan Mai Koma yana bakin gari ta wajen ruwa. Rufin ɗakin ya rufta. Kwalekwalensa yana kife a tsakar gida, ya tsage, wata kaza tana kwanci a ƙarƙashinsa. Komarsa tana rataye a jikin danga, rana da ruwa sun cinye ta, da na taɓa sai ta marmashe a hannuna. Na tsaya ina neman inda matar nan take zama lokacin da ta ji sunanta na wasa ya fito daga radiyo. Ko murmushi ta yi? Ko rufe fuska ta yi don kunyar maƙwabta?

Wata tsohuwa ce ta leƙo ta kan danga ta yafuto mu. Ta shigar da mu bayan rumbunta, inda ba a hango mu daga hanya, sannan ta kawo ruwa a ƙwarya. Ba ta tambayi ko su wane ne mu ba. Ina jin ta sani.

Ta ce ba a daɗe da gaisuwar ba 'yan bindigar suka zo. Ba su taɓa kowa ba, ba su kori dabba ko ɗaya ba, gidansa suka nufa kai tsaye. Ya daɗe a hannunsu. Sai da dangi suka sayar da shanun noma da gonar fadama aka sako shi. Ya dawo kamar kara, hannunsa na dama ya shanye saboda ɗaurin da aka yi masa, ba ya iya jefa koma. Waɗanda ya yi magana a kansu kuwa, an kama wasu, kuma an sami sauƙi na wani lokaci, wannan ba ta musa ba. Daga baya wasu suka dawo.

Ta ce, "Suna nan. Rijiya guda muke ɗiba da matansu."

Yaya ta tambaya, "Iya, shi ina yake yanzu?"

Tsohuwa ta ce bai ƙara kwana a garin ba. 'Ya'yansa maza suna zuwa noma abin da ya rage, ba su ba kowa labarin halin da yake ciki, amma shi da matarsa Maraɗi suka tafi, gidan wata tsohuwar unguwarzoma, Kirista, da ta daɗe tana sayen kifi a wurinsa. Ta faɗi unguwar, ta kwatanta gidan: ƙofa mai shuɗin fenti, kusa da wata ƙaramar majami'a, da bishiyar mangwaro ta leƙo waje.

Na ga Yaya ta dafa rumbu. Ta san ƙofar. Ta layin take bi da moto, babur ɗinta, kullum in za ta wurin aiki.

Muka fito kafin la'asar kamar yadda aka gargaɗe mu. A motar komawa direba ya kunna radiyo, aka kuwa dace da filin gaishe-gaishe. Wani yana gaida abokinsa na Gabi, wata tana gaida kakarta ta garin Sarkin Yamma. Yaya ta roƙi direba ya kashe. Wani fasinja ya ce a'a wallahi, shi ya aika a gaida shi yau, sai ya ji sunansa. Haka muka shigo Maraɗi, ana ta kiran sunayen mutane da na garuruwansu, mota tana dariya, Yaya ta jingina kai da gilashi ta rufe ido.

Washegari da hantsi muka buga ƙofa mai shuɗin fenti. Mai gidan ce ta buɗe, tsohuwa doguwa mai tabarau, kowa Mama yake ce mata. Littafinta na addu'a yana hannunta, da alama mun katse ta. Yaya ta faɗi ko ita wace ce, ba ta ɓoye komai ba. Mama ta dube ta ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta matsa ta ba mu hanya.

A ƙarƙashin mangwaro wata mata tana tsince zogale a faifai. Siririya ce, baƙa, da zane a kumatunta. Shekara da shekaru ina ƙawata ta a raina, na ba ta dogon gashi da idanu kamar madara. Ga ta nan, dattijuwa mai kaushin hannu, ta fi duk wadda na ƙirƙira kwarjini. Muka durƙusa muka gaishe ta. Yaya ta tambayi maigida.

Ta ce, "Malam ya riga mu gidan gaskiya. Damanar bara."

Yaya ta zauna a ƙasa, ba ta nemi tabarma ba. Muka yi mata ta'aziyya, ta amsa tana ci gaba da tsinkar ganye. Sai Yaya ta faɗi abin da ya kawo ta, tun daga rantsuwar bakin ruwa har zuwa taron da za a yi. Ba ta ɗora wa mai haɗa sauti ba, ba ta ɗora wa mai gabatarwa ba. Ta ce ita ta yi alkawari, ita ya kamata ta tsaya a kan maganar har ta ga an goge abin da ya rage. Ta ce tana so ta nemi gafara a radiyo, duniya ta ji.

Matar ta aje faifan.

Ta ce, "A radiyo kuma?"

"E, Inna. Don a san an yi maku ba daidai ba."

"Ɗiyata, wa bai sani ba? Ɗiyana biyu suna can suna noma, gero ya ruhe su. Mutanen sun hwara mantawa da mu. Ke kuma ki hau radiyo ki tuna masu, don zuciyarki ta yi sanyi?"



Matar ta ce, "Kada a sa mu a radiyo. Ko haƙuri, ko addu'a, ko mi. Mun ƙoshi."

Mama, da ke zaune a kan kujera tana saurare, ta sa baki a hankali. Ta ce to 'yan jaridar da za su taru fa, in ba a gaya musu ba, gobe wani zai sake. Matar ta murza ganye a yatsunta. Can ta ce su a gaya musu, a ɗaki, ba na'ura. Ta ce abin da Malam ya faɗa a shirin gaskiya ne, kuma har ya mutu bai ce ya yi nadamar faɗa ba. A gaya musu dai in mutum ya ba su wuyansa, su duba har abin da suka zubar a shara.

Ni kuma, da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, na ce ina rubuta labarin tafiya ga masu bibiyata, ko in rubuta wannan? Na kuma gaya mata, ina jin kunya, yadda gaisuwar mijinta ta zauna mini a zuciya shekaru. Ta dube ni, karo na farko, har ta ɗan yi murmushi.

Ta ce, "Ke ma kin ji ta ashe. Rubuta, amma ba suna, ba gari. Gaisuwar kuwa ki bar min abuna. Duniya ta ji sau ɗaya, ya isa."

Kafin mu tashi Yaya ta ce, "Inna, ki yahe mani."

Matar ta ɗauki faifanta. Ta ce, "Nawa na yahe. Nashi kuwa ya tahi da shi, ba ni da iko da shi."

Daga gidan zuwa namu ba nisa, da ƙafa muka koma. Pil ɗin suna nan a bakin taga inda ta bar su. An yi taron, Yaya ta yi maganarta bayan ta sa an kashe duk wata na'ura da salula. Ta ce wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun ce ai ba a karya wata doka ba, aka rabu a haka. Neman gafara a radiyo kuwa ba a yi ba, kuma ba za a yi ba. Yaya za ta ci gaba da ɗaukar nauyin abin a ranta.

Ni abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. A littattafan da na taso da su, in mutum ya yi kuskure, yakan zo shafi na ƙarshe ya durƙusa ya yi kuka, a yafe masa, a sa ranar biki. Na ɗauka haka duniya take. Yanzu na ga neman gafara ma yana iya zama wata sabuwar cutarwa, in wanda aka cuta ne zai sake biya. Na kuma ga duk mutanen da suka taɓa gaisuwar nan alheri suka nufa, tun daga wadda ta ɗauka har wanda ya saka, har ni da na yi ta yaɗa ta ina cewa soyayya. Babu mugu ko ɗaya a cikinmu, ga shi kuma kwalekwale yana kife kaza tana kwanci a ƙarƙashinsa.

Saura abu ɗaya, wanda Mama ta gaya mana a bakin ƙofa da ta rako mu. Akwai wani ɗan benci a wajen, a inuwar reshen mangwaro, yana kallon titi. Ta ce nan ne wurin zaman Mai Koma. Gadi ta ba shi don kada ya ji yana zaman banza, duk da gidan ba shi da abin sata. Shekarun nan duka a nan ya yi su, da shanyayyen hannunsa a kan cinya. Mutumin da a da yake gaida kowa har da sunan kakansa, ya koma in an yi masa sallama sai ya amsa da kai. Sabon suna ya ba mutanen unguwa. In ya ji an kunna radiyo a shagon da ke kusa, sai ya tashi ya shiga ciki.

Ta juya ga Yaya ta ce, "Ya san ki. Kullum da sahe yana ganin ki kina wucewa bisa moto, da jakarki. Yakan ce mani, ga ɗiyar nan ta wuce, Allah ya tsare ta."

Yaya ta ce, "Mama, mi ya hana shi tsai da ni? Ko zagina ne ya yi."

Mama ta gyara tabarau.

Ta ce, "Ba hushi yake da ke ba. Sau da yawa ya so ya gaishe ki. Tsoro yake kada wani ya gan shi yana gaida 'yar jarida."